Kafin Ka Karɓi Makullin Mota a Firenze

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Na ji cewa idan an tashi daga taron da zai kai ka Firenze a watan Yuni, birnin nan na Italiya da Turawan Ingila ke kira Florence, kana da niyyar ɗaukar hayar mota ka tuƙa da kanka, ku zaga yankin Toskana kai da mai ɗakinka kafin ku juyo gida. Madalla. Tafiya mabuɗin ilimi ce, ƙasar kuma ta isa a kalla. Sai dai tunda baffanka ka tambaya, to ka shirya jin dogon bayani, don tsoho bai iya gajarta magana ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, motar nan ta karkara ce. Amfaninta yana tsakanin gari da gari, can inda gonakin inabi da na zaitun suke, inda bas ba ta leƙawa sai jefi-jefi. A cikin birni kuwa kaya ce a kanka. An gina tsohon garin Firenze tun duniya ba ta san mota ba, lungunansa kamar na cikin birnin Kano, irin waɗanda in mai kura ya shigo sai mai tafiya ya raɓe jikin bango. Daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Maria Novella zuwa babbar majami'ar garin mai jar ƙubba, daga nan zuwa gadar Ponte Vecchio, duk tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Kwanakin da za ku yi a birnin ku yi su da ƙafa. Ranar da za ku fita, ranar za ka karɓi makulli.

Akwai dalilin da ya fi ƙuncin lungu ƙarfi, wato haruffa uku da za ka riƙa gani a bakin tsofaffin unguwanni: ZTL. Yanki ne da aka taƙaita shigar motoci, sai mazauna wurin da tasi da bas da masu izini. Alamarsa farar da'ira ce mai jan baki, a ƙarƙashinta an rubuta sa'o'in da dokar ke aiki da ƙananan haruffa cikin Italiyanci. A Firenze sun ƙara da fitila, in ta nuna ja an rufe, in kore an buɗe. Babu shinge, babu ɗan sanda, babu mai ɗaga maka hannu. Kyamara ce kawai a kan ƙarfe, ta ɗauki lambar mota ta yi gum. Za ka wuce lafiya lau kuna hira, ba ka san an rubuta ka ba. Tarar ta haura Yuro 80, kuma kowace shiga da tata. Wanda ya ɓata hanya ya yi ta zagaye yana bi ta ƙofa ɗaya, tara ce yake tara wa kansa. Kamfanin hayar zai miƙa wa hukuma sunanka da adireshinka, ya cire kuɗin wahalarsa daga katinka, sannan takardar tara ta biyo ka har gida. Dokarsu ta ba hukuma kwana 360 ta sanar da wanda ke zaune a ƙasar waje.

Na san halinmu a kan titi. Mun saba kowace matsala akwai mutum a bayanta, shi kuwa mutum ana gaishe shi, a ba shi haƙuri, a ce baƙo ne bai sani ba, a yi dariya a rabu. Al'adar tana da daɗinta, ba zan kushe ta gaba ɗaya ba. Amma a can babu wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe, a yi haƙuri". Haƙurin naka ne, kuma tun kafin ka shiga ake yin sa. Ka rage gudu, ka karanta allo, in ka yi shakka ka juya. Kada ka bi motar da ke gabanka don ka ga ta shige, wataƙila mai ita a unguwar yake kwana. Kada kuma ka sallama wa taswirar waya akalarka. Ita hanya mafi kusa take nema, ba kullum take sanin wadda aka hana ka ba. Layin bas ma kyamara ke gadinsa. Abin kuma bai tsaya a Firenze ba: Siena, Pisa, Lucca, Arezzo, San Gimignano, kowane gari da nasa. Idan masaukinku ya faɗa cikin irin wannan yanki, ka sanar da masu masaukin tun kafin ka iso, kana isa ka ba su lambar motar su shigar da ita wurin hukuma, ka tsaya a gabansu har ka ga sun yi.

Shi ya sa na fi son ka karɓi motar a wajen filin jirgin sama na Amerigo Vespucci da ke Peretola. Tiram mai lamba T2 yana tashi daga tsakiyar gari ya kai ku can cikin kamar minti 20, daga nan ƙaramar bas ta sauke ku a harabar kamfanonin haya. Kana fitowa babbar hanya na gabanka. Akwai ofisoshin haya a cikin gari, a titin Borgo Ognissanti, amma fita daga can da komowa aikin ɗan gari ne.

Takardu kuwa tun daga gida ake haɗa su. Lasisinmu ba na Tarayyar Turai ba ne, don haka sai ka haɗa shi da takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, ka riƙe su biyun tare da fasfo. Ma'aikatan kamfanin haya za su nemi katin banki na kiredit mai ɗauke da sunan direba, su ɗaure wasu kuɗi a ciki a matsayin jingina har ka dawo da motar, kuma kuɗin kan kai ɗaruruwan Yuro. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum. Ka je bankinka ka tabbatar katinka zai ɗauki wannan nauyin a ƙasar waje, kada ka tsaya a gaban kanta da akwatuna da mace kana buga waya gida. In mai ɗakinka za ta taɓa sitiyari ko da na minti biyar ne, a rubuta sunanta a yarjejeniyar, in ba haka ba inshora ba ta san da ita ba.

Maganar inshorar nan ka natsu a kanta. Farashin da ka gani a intanet yawanci ya ƙunshi kariya daga haɗari da sata, amma akwai wani kaso da suke bari a wuyanka, wanda zai iya haura Yuro 1,000. Sau da yawa kuma taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki. In aljihunka zai iya, ka biya ƙarin da zai sauke maka wannan kaso. Araha ba ta ado. Ka tambayi ma'aikacin, kafin ka sa hannu, me ke ciki me ke waje, ya nuna maka a rubuce. Ba rashin kunya ba ne, su ma sun saba.

Yawancin motocin haya a Italiya masu giyar hannu ne. In ka daɗe ba ka taka kuloci ba, ka nemi otomatik tun da wuri, ko da ta fi tsada, don garuruwan Toskana a kan tuddai suke, kuma tayar da mota a tsakiyar hawa, wani na manne da kai a baya, ba wurin koyo ba ne. Ka ɗauki ƙarama, irin su Fiat Panda. Na san mu da son doguwar mota don a san mun iso. To can babu wanda ya san ka, kuma kwanar da ƙaramar mota za ta sha cikin sauƙi, babba sai ta bar fentinta a jikin bango. Kafin ka tayar, ka zagaya ta da waya kana ɗaukar bidiyo: kowane ƙwarzane, kowace lotsawa, bakin tayoyi, madubai, ma'aunin mai. Abin da ba ya cikin takarda a sa shi. Ka buɗe but ka ga akwai alamar nan mai kusurwa uku da rigar da ke ƙyalli da dare, doka ta wajabta su. Motar amana ce a hannunka, bidiyon kuma shi ne shaidarka ranar mayarwa.

Tuƙin kansa ba zai ba ka wahala ba, hannun dama suke bi kamar mu. Koren allo na babbar hanyar da ake biya ne, wadda suke kira autostrada. Shuɗi na sauran hanyoyi. Mai ruwan ƙasa na wuraren tarihi. Iyakar gudu kilomita 130 a autostrada, 110 a manyan tagwayen hanyoyi, 90 a hanyoyin karkara, 50 a cikin gari, sai in allo ya faɗi ƙasa da haka, kuma yakan faɗa. Akwai akwatunan kyamara a gefen hanya, akwai kuma tsarin da suke kira Tutor, wanda ke lissafa lokacin da ka ɗauka tsakanin wuri da wuri, don haka taka birki a gaban kyamara ba ya ceton kowa. Da ka fita gari ka kunna fitila ko da rana tsaka ce. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya. Ham kuma, wanda mu muke gaisawa da shi, a cikin gari an hana sai in haɗari ake gudu. Za ka ga 'yan ƙasa sun matso maka a baya suna walƙa fitila. Ka koma dama ka ba su wuri, ba faɗa suke nema ba.

A autostrada kana shiga za ka zari tikiti, in za ka fita ka biya. Ƙofa mai allon rawaya da aka rubuta Telepass ta masu na'ura ce, ba taka ba ce. Ka bi fara ta tsabar kuɗi ko shuɗiya ta kati. In tsautsayi ya kai ka ƙofar da ba taka ba, kada ka kuskura ka yi baya. Ka danna maɓallin neman taimako, za a ba ka takardar da za ka biya daga baya.

Yanzu ga inda motar za ta biya ka wahalarta. Daga Firenze zuwa Siena hanya biyu ce. Akwai tagwayen hanya ta kyauta, wadda za ta kai ka cikin kamar awa ɗaya. Akwai kuma tsohuwar hanyar Chianti mai lamba 222, kimanin kilomita 70 na kwana da hawa da gangara, ta Greve da Panzano da Castellina. Wannan ta biyun nake so ku bi, ku kuma ba ta yini guda. Greve tana da dandali mai kusurwa uku kewaye da rumfuna, kasuwarta ranar Asabar take ci. Daga Panzano in ka tsaya ka waiga, tuddai ne jere har iyakar ganinka, layin inabi, layin zaitun, da dogayen itatuwan nan sirara da suke kira cipresso suna raka hanya zuwa gidajen gona.

Ko'ina a hanyar za ka riƙa ganin hoton baƙin zakara. Tambarin barasar yankin ne, wadda ba ruwanmu da ita, amma labarinsa na kunne ya girmi kaka yana da daɗi. Wai Firenze da Siena sun gaji da yaƙi a kan iyaka, sai suka yi yarjejeniya kowane gari ya saki mahayi da carar zakaran farko, inda suka haɗu nan ne iyaka. Mutanen Siena suka zaɓi farin zakara suka cika masa ciki. Na Firenze suka kulle baƙi a duhu babu abinci. Yunwa ta sa ya yi cara tun dare bai raba ba, mahayinsu ya yi ta sukuwa, bai gamu da abokin karawarsa ba sai a Fonterutoli, 'yan kilomitoci kaɗan daga Siena. Ƙauyen yana nan a kan hanyarku, ka nuna wa mai ɗakinka.

Siena kam a waje ake barin mota. Tun shekarun 1960 suka fara korar motoci daga tsakiyar garin. Ka nemi wurin fakin na Santa Caterina ko na San Francesco, daga nan matakala mai tafiya da kanta za ta hau da ku cikin gari. In a titi za ka ajiye, ka dubi launin layin da ke ƙasa: shuɗi na biya ne, ka sayi tikiti a na'ura ka sa a gaban gilashi, fari kyauta ne, ko da yake wani lokaci da iyakar sa'o'i, rawaya an keɓe wa wasu, kada ka taɓa. Dandalin garin, Piazza del Campo, nan ake tseren dawakin Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne a garin, dawaki 10 ke fita, babu sirdi, zagaye uku, cikin ƙasa da minti biyu an gama abin da aka shekara ana shiri. Na san ka da son doki. In kwanakinku sun kai ƙarshen Yuni za ku tarar an zuba ƙasa a dandalin ana gwaji, amma ka sani garin cika yake maƙil, wurin kwana da na fakin sai wanda ya kama tun da wuri.

Kudu da Siena, ta hanyar Cassia, za ku faɗa kwarin Orcia, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. A Yuni alkama ta fara nuna, tuddan sun koma ruwan zinariya. Daga San Quirico hanya ta ratsa zuwa Pienza, ƙauyen da Paparoma Pius na Biyu ya sake ginawa a ƙarni na 15 don nan aka haife shi, yau kuma an fi saninsa da cukun madarar tumaki. Gaba kaɗan Montepulciano. A Bagno Vignoni tsakiyar ƙauyen tafkin ruwan zafi ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Irin waɗannan wurare ne jirgin ƙasa ba ya kai mutum. A nan ne kuma za ka haɗu da fararen hanyoyinsu na tsakuwa marasa kwalta. Ka bi su a hankali, ka tuna abin da na ce game da taya da ƙarƙashin mota.

Kada ka ce sai ka ga komai. Gari biyu a yini sun isa, na uku gajiya ce da hoto. Ku kama masauki a gidan gona, irin wanda suke kira agriturismo, ku kwana biyu ko uku a wuri ɗaya kuna fita kuna dawowa. Akwai filin ajiye mota, babu ZTL, kuma akwatunanku na ɗaki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin motar haya da kaya a kujerar baya kiran ɓarawo ce, musamman a wuraren da baƙi ke taruwa. Pisa da Lucca kuwa ku bar su wa jirgin ƙasa: daga Firenze awa ɗaya ce zuwa Pisa, ɗan ƙari zuwa Lucca.

Salla ba za ta yi muku wuya ba, ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru. Ka sa darduma da gorar ruwa a but. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, ka duba lokutan garin da kuke, kada ka yi aiki da na gida. In Juma'a ta same ku a tsakanin Siena da San Gimignano, akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa, wanda aka buɗe a 2013 bayan shekaru ana ja-in-ja a kan gina shi. Daga can San Gimignano ba nisa, garin dogayen hasumiyoyi da attajiran dā suka yi gasar ginawa. An ce sun kai 72, yau 14 suka rage.

Abinci sai ka buɗe baki ka tambaya, don alade ya shiga girkinsu sosai, na gida da na daji. Ka koyi cewa "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da barasa. Miyar wake da ganye da burodi da suke kira ribollita, da ta tumatir da burodi, da taliya da man zaitun, da cuku, da kifi, sun ishe ku, amma ko miyar ganye ce ka tambayi da me aka yi romonta. Gasasshen naman sa da Firenze ke alfahari da shi kuwa, wannan tsakaninka da malaminka. Ka kula da lokaci: gidajen abinci na karkara kan rufe kicin wajen 2:30 na rana, ba su sake buɗewa sai 7:30, shaguna ma da yawa suna rufewa da tsakar rana.

A gidan mai, benzina shi ne fetur, gasolio shi ne gas. Ka tambayi wanne motarka ke sha tun a wurin karɓa, ka kuma duba murfin tanki kafin ka ɗaga tiyo, don zuba wanda ba shi ba inshora ba ta biyansa. Famfon da aka rubuta self kai za ka zuba da kanka. Wanda aka rubuta servito ma'aikaci ne zai zuba, lita ta fi tsada. Man autostrada ya fi na gari tsada. Kada ka bari tanki ya yi ƙasa a cikin tuddai, kada kuma ka mai da tuƙin dare al'ada a can: hanyoyin babu fitilu, aladen daji da barewa na tsallakawa ba sallama. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, lambar gaggawa 112 ce. In ƙaramar gogayya ce, akwai fom ɗin da direbobi biyu ke cikewa, yawanci yana cikin aljihun gaban mota. Ka ɗauki hotuna, ka kira kamfanin, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba.

Ranar mayarwa ka cika tanki a kusa da filin jirgi, ka karɓi rasit. Ka je lokacin da ofis ke buɗe, ma'aikaci ya duba motar a gabanka ya ba ka shaidar cewa lafiya ta dawo, ka sake ɗaukar bidiyo. Yarjejeniyar da rasit ɗin da hotunan ka adana su har shekara ta zagayo. In duk da haka takardar tara ta iso, ka duba rana da wuri, in naka ne ka biya. Wanda ya biya cikin kwana 5 da samun sanarwa ana rage masa kashi 30 cikin 100. Kada ka ce ai Italiya nesa ce. Haƙƙi ne, kuma kana da niyyar komawa.

Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata ita ce mai karanta allo, in ta ce ka tsaya ka tsaya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Baffanka.